Ɗakin da Aka Raba da Katako

Har gobe ban manta da ranar da aka tura ni Kaduna nema wa tsofaffinmu masu yanar ido masauki ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kuna danna waya ta nuna muku ɗaki har da launin labulensa, ku yi haƙuri ku ji yadda muka yi namu da ƙafa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano ce. Ina jami'in walwalar marasa lafiya a ofishinmu na Gwarzo, mataki na bakwai, kullum ina tahowa daga Kabo a kan wani tsohon babur da ya fi ni sanin ramukan hanya. Ga wanda bai sani ba, aikin jami'in walwala shi ne duk abin da ba allura ba ne kuma ba magani ba: mota, abinci, wurin kwana, da lallashin dangi. A wannan shekarar aka samo mana gurbi a wani asibitin ido a Kaduna, inda wasu likitoci suka zo aikin taimako. Yana ita ce farin abin nan da yake rufe ƙwayar ido a hankali har mutum ya daina gani, kuma idan aka cire ta a kan kari gani yana dawowa. Muka tattaro tsofaffi daga Kutama da Madadi da Getso, waɗanda wasunsu sun yi shekaru ana jan su da sanda.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne, kuma ƙa'idar ofis a bayyane take. Kowane majinyaci zai tafi da mai jinya ɗaya daga danginsa, babban mutum wanda zai iya sa hannu a yi tiyata, kuma su biyun ɗaki ɗaya za a biya musu. Odita, mai binciken kuɗin ofis, ba ya jin wani bayani bayan wannan.

Shugaban sashenmu, Alhaji Garba, ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai kirki, sai dai idan yana ba da umarni ba ya kallon mutum, fanka yake kallo.

"Iliya, gobe za ka riga su zuwa ka nemo wuri. Ka san abin da ya faru a Kaduna farkon shekara, kada ka tsallaka mini kogi da tsofaffin mutane. Kuma kada in ji an ce akwai ko kwalba ɗaya a wurin. Jiya wani ya zo daga Madadi yana tambayata wai da gaske ne otal za mu kai uwarsa. Aljihunmu kuwa ba sai na gaya maka ba."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." A lokacin kalmar otal kaɗai ta isa ta sa dattijo ya fasa tafiya, domin a kunnen mutanenmu otal wurin giya ne da abin da ke biye da ita. Kaduna kuma bayan rikicin addinin nan ta rabu, Musulmi a wannan gefen kogi, Kiristoci a tsallake, kowa ya koma cikin nasa, unguwar da za ka kwana ta zama abin da ake shawara a kai tun daga gida.

Ina ƙoƙarin tayar da babur a gindin darbejiya sai ga Malam Dikko. Shi ne duba-garinmu, wato mai kula da tsaftar kasuwa da mahauta, kuma ya girme ni a shekaru da mataki. Idan mahauta suka hango hularsa daga nesa, har ƙudajen kan tebur sai sun nutsu. Amma ranar nan ya tsaya yana zana ƙasa da bakin takalmi. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Kabo, ya sake tambayar iyali. Na kashe babur na jira shi.

"Malam Iliya, ka ga tsohon nan na Getso a cikin masu tafiya?"

"Malam Sambo? Ai mahaifinka ne."

"To. Ni ne zan raka shi. Ƙanena yana kudu da shanu, mata kuwa kowace tana ɗakinta da goyo." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ne na fari."

Nan take na gane, amma bari in yi wa yaran yanzu bayani. Su Malam Sambo Fulani ne da suka zauna suka kama noma, Hausa suke yi a gida, amma kunyar ɗan fari ba su ajiye ta ba. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya zama da shi tabarma ɗaya, idan yana son abu a wurinsa sai ya aika wani. Ba ƙiyayya ba ce, kusan ma in ce son ne ya yi yawa ake ɓoye shi. Dikko ya haura arba'in, kuma bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. Wancan yaron ake ce masa, da ya fara aiki aka ƙara masa girma ya zama mutumin ofis.

Ya ce mini an kai wa tsohon labarin ƙa'idar ɗaki, shi kuma ya aiko da amsa ta bakin limamin unguwarsu: in dai sai ya kwana ɗaki ɗaya da wancan, a bar shi da duhunsa, ya saba da shi. Likitan da ya duba shi kuwa ya riga ya ce ido ɗaya ya tafi, ɗayan ma idan aka ƙara jinkiri ba lallai a same shi ba.

"Ka kama wani ɗakin da aljihunka mana," in ji ni.

"Na yi tunanin haka. Amma mutumin da ba ya gani, a garin da bai sani ba, in bar shi shi kaɗai a bayan ƙofa? Idan ya faɗi wa zai ji?"

Ban ce masa zan iya ba. Na dai ce ya yi mini addu'a, na buga babur.

Washegari na sauka Kaduna da hantsi. Wuri na farko da wani ɗan acaɓa ya kai ni a unguwar manya yake, gini mai hawa uku, ƙasa tana sheƙi kamar an shafa mai. Na taka na ji ƙafata na neman zamewa, ni mai ido biyu. Na dubi matakala, na leƙa banɗaki na ga na zama ne, na tuna da tsofaffin Kutama, na yi wa manaja godiya tun kafin ya faɗi farashi ya kore ni da kansa.

Na biyu, duk da gargaɗin Alhaji Garba, na tsallaka kogi na duba, don an ce mini akwai sauƙi sosai. Gaskiya wurin ya yi kyau, ɗakuna a ƙasa, ga ruwa, ga bishiyoyi. Mai wurin dattijo ne Kirista, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya ba ni ruwan sanyi, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ina son cinikin nan fiye da yadda kake zato, ka ga ɗakunan babu kowa. Ni zan iya rantse maka babu abin da zai taɓa su. Amma tsohon da za a yanka wa ido barci yake bukata, su kuwa a nan ko ganye ya faɗo sai sun tashi zaune. Ga shi ina da wurin shaye-shaye a baya, ba zan ɓoye maka ba." Shi ne ya kwatanta mini gidan wani abokinsa Banufe a Tudun Wada. Har yau idan ana zagin mutanen tsallaken kogi a gabana, wannan dattijon nake tunawa in ja bakina.

Tudun Wada ta karɓe ni da hayaniya da warin kwata da ƙamshin ƙosai. Amma ina tafe ina lura. Ga masallaci a bakin layi, ga mai koko, ga mai tuwo, ga kantin magani, kuma motar da ke zuwa asibitin a bakin titi take tsayawa. Gidan Banufen, Alhaji Ndagi, tsohon gini ne mai tsakar gida da rijiya. A jikin allonsa an shafe kalmar otal da farin fenti an rubuta masaukin baƙi, amma idan rana ta haska tsohon rubutun yana leƙowa.

Ya zaga da ni ɗakunan gaba, babu laifi. Da na nufi na baya sai ya tare ni.

"Waɗannan ba na irinku ba ne, Malam. Lokacin da abubuwa suka tsuke na sa kafinta ya raba manyan ɗakunan gida biyu da katako, don masu ƙaramin ƙarfi. Katakon ma bai kai rufi ba. Idan na wancan gefen ya yi tari, na wannan gefen ne yake cewa sannu. Kowa ƙorafi yake yi, da na samu hali zan cire su."

Na ce ya buɗe mini ɗaya. Ɗaki ne mai ƙofa biyu, kowane ɓangare da gadonsa, fanka ɗaya a sama tana yi wa ɓangarorin biyu aiki. Na roƙe shi ya shiga wancan gefen ya yi magana a hankali. Ya shiga yana gunaguni, ya ce, "To me zan ce?" Na ji shi kamar a kunnena yake, amma ko inuwarsa ban gani ba.

"Alhaji, a rasit ɗaki nawa ne wannan?"

"Lamba ɗaya ce. Rabi da rabi ne suke haɗuwa su zama kuɗin ɗaki guda."

Na ce na kama. Ya dube ni kamar mai tunanin ko rana ta taɓa ni a hanya.

Da na dawo na yi wa Alhaji Garba bayani, komai ya yi masa daɗi sai ɗakin katako. Ya ce, "Mahaifin ma'aikacinmu guda za ka saka a akurki? Me mutane za su ce?" Ban so in baza sirrin Dikko a ofis ba, sai na ce, "Ranka ya daɗe, Bafulatani ne, kuma ɗan fari ne zai raka shi." A karon farko tun da na san shi ya sauke ido daga kan fanka ya dube ni. Ya ce, "Odita fa?" Na ce lamba ɗaya ce. Ya ja takardar ya sa hannu.

Saura tsohon. Na je Getso da kaina na same shi a zaure, dogo, siriri, idanun nan sun yi fari fat, yana murza carbi. Abin da ya taimake ni shi ne kakana Babarbare ne, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, sai mu gaya wa juna abin da wani bai isa ya faɗa ba. Bayan doguwar gaisuwa na ce, "Baffa, an ce tsoron wuƙar likita ya hana ka tafiya, na ce ai dama Bafulatani sai dai sanda."

Ya yi dariya har carbin ya faɗi. "Wannan bakin na Barebari ne. Yaushe bawa ya fara yi wa ubangijinsa tsiya?"

Na ce masa na samo masa ɗaki nasa shi kaɗai, da ƙofarsa. Ya tambaya, "Mutumin ofishin naku fa?" Na ce shi ma yana da tasa ƙofar. Ban yi ƙarya ba, ban kuma ƙara komai ba. Ya laluba ya ɗauki carbinsa, sannan ya ce Allah ya kai mu.

A Kaduna aka fara yi wa mutanenmu aiki ɗaya bayan ɗaya, amma da aka zo kan Malam Sambo likita ya ce a dakata. Idon yana kwantsa, jininsa kuma ya hau. Sai an yi 'yan kwanaki ana ɗiga masa magani a kan lokaci, safe da rana da yamma, idan ya lafa a yi, idan bai lafa ba likitocin za su tafi. Tsohon ya ce a mayar da shi gida, ba rabonsa ba ne. Na ce masa babu motar da za ta ɗauki matsoraci, kuma ni da kaina zan riƙa ɗiga masa.

Faɗa ce mai sauƙi. Ina da sauran majinyata a asibiti, wannan a karɓo masa kati, waccan a nemo mata kunu. Saboda haka muka yi dabara da Dikko. Ni zan yi sallama a bakin ƙofa in ce, "Baffa, lokacin magani ya yi." Shi kuma ya shiga babu magana, ya ɗaga masa haɓa, ya ɗiga, ya goge masa da auduga, ya fita. Tsohon ya ce, "Sannu Malam Iliya," ni kuma in amsa daga bakin ƙofa. Idan yana son ruwa ko buta, sai ya fuskanci katakon ya ce, "Ko akwai mai jin mutane a gidan nan, a taimaka da buta." Kafin ya rufe baki buta ta iso.

Ni a wautata na ɗauka mun rufe shi. Wata rana layi ya riƙe ni a asibiti har azahar ta wuce, na taho da sauri ina fargabar lokacin magani ya kuɓuce. Ina isowa bakin ƙofa na ji muryar tsohon a ciki, yana hira a natse.

"Ka ga Malam Iliya, ranar da aka haifi wancan yaron ina bakin rafi da shanu. Aka zo aka gaya mini, na yi kamar ban ji ba, don akwai manya a wurin. Sai da kowa ya watse na shiga cikin garke na rungume wuyan wata saniya na yi ta kuka kamar mace. Har ya yi wayo ban taɓa ɗaukar sa ba. Idan ya yi zazzaɓi, bayan ɗakin uwarsa nake zuwa in tsaya ina sauraron numfashinsa."

Na leƙa ta gefen labule. Dikko na durƙushe a gabansa da kwalbar magani a hannu, kansa a ƙasa. Tsohon ya ci gaba.

"Da aka zo ɗaukar yara makarantar boko, kowa ɓoye nasa yake yi. Ni na ce a tafi da shi, mutane suka ce ba na son sa. Ban tanka ba. Malam Iliya, kai da kake ofis ɗaya da shi, ai ba ya cin haƙƙin mutane ko? Haka nake ji ana faɗa. To alhamdu lillahi. Ɗiga mini ɗayan."

Na ja da baya a hankali na koma bakin rijiya na zauna. Ban taɓa jin sunana ya yi mini nauyi kamar ranar ba. Alhaji Ndagi ya zo wucewa ya tambaye ni ko lafiya, na ce hayaƙin mai ƙosai ne ya shiga mini ido. Daga ranar na daina gaggawar dawowa daga asibiti. Ko na gama da wuri sai in tsaya wurin mai shayi, in bar Malam Iliya na cikin ɗaki ya yi aikinsa.

Allah ya taimake mu idon ya lafa, jinin ya sauka, aka yi aikin kafin likitocin su tafi. Dikko ne ya sa hannu. Washegari da safe aka zo cire bandeji. Nas ta zare a hankali, ta goge, ta ce, "Baba, buɗe. Me kake gani?"

Ya yi ta ƙifta ido. Ya dubi hannunsa, ya juya shi gaba da baya. Ya dubi nas ya ce yana ganin farar riga. Sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne Iliyan? Ashe duk bakin nan a jikin gajeren mutum yake."

Aka yi dariya. Dikko yana can jikin ƙofa yana neman sulalewa waje, amma bai yi sauri ba. Idon tsohon ya sauka a kansa. Na san al'ada, na san ya kamata ya kawar da kai nan take, amma bai kawar ba. Ya dube shi kallon mutumin da ya yi shekaru yana jira. Sannan ya juyo gare ni.

"Malam Iliya, mutumin ofishinku ya yi furfura. Ku riƙa rage masa aiki."

Na ce, "To Baffa, za a gaya wa shugaba." Dikko ya fita, ban bi shi ba. Can na hango shi a bakin famfo yana ta wanke fuskar da ba ta yi datti ba.

Malam Sambo ya yi shekaru yana gani da idon nan, yana zuwa kasuwar Getso da ƙafarsa, yana duba haƙoran shanu yana kushe na mutane. Da ya koma gida komai ya koma yadda yake, wancan yaron, mutumin ofis, aike ta bakin wani. Ni kuwa duk kaka sai ƙwaryar man shanu ta iso Kabo, da saƙon a kai wa Babarbaren nan mai sanyin hannu, alhali ni da shi mun san hannuna bai taɓa fuskarsa ba.

Ranar da ya rasu na je gaisuwa. Da mutane suka ragu Dikko ya rako ni har wurin babur, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Malam Iliya, duk hirar da mahaifina ya taɓa yi da ni a duniya, a ɗakin nan na Tudun Wada ya yi ta, kuma da sunanka."

Na taɓa komawa gidan Alhaji Ndagi bayan na yi ritaya. 'Ya'yansa sun gyara wurin, sun cire katakon, sun sa tayil, suna ta nuna mini da alfahari. Na yaba musu, don sun yi ƙoƙari, amma raina bai so ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku masu aikin walwala, ƙa'ida za ta gaya muku ɗaki nawa za a biya, amma ba ta san mutanenmu ba, ku ne kuka san su. Mutanen nan suna da abubuwan da ba za su taɓa faɗa muku a ofis ba, sai dai su ce sun fasa tafiya. Saboda haka idan aka aike ku neman masauki, ku duba unguwa, ku duba ruwa da matakala da nisan masallaci, duk daidai ne. Amma kafin ku tambayi kuɗin ɗaki, ku fara tambayar wa zai kwana a ciki, kuma wa yake so ya ji motsinsa ta bayan bango.